Wasiƙun Markus Game da Kwamfutar da Ta Mutu

Sabon Gari, Sakkwato
Fabrairu, 1985

Abokina Maccido,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Ingila, kai da Farfesanmu. Hannatu da 'yarmu Esther suna gaishe ka. Na leƙa Ƙofar Kware, mahaifiyarka Inna Iyatu tana nan lafiya, ta ce in gaya maka ka daina aiko mata hoto kana rame.

Abubuwa sun lalace a nan. Tun da aka yanke tallafin karatuna na dawo daga Ingila, ban taɓa kwamfuta mai rai ba. Ta sashenmu ta ƙone, an hana lasisin shigo da kayan gyaranta. Yanzu kuma sojoji sun kafa kwamitin rage ma'aikata, kuma malaman da ba su da digirin dakta ne a sahun gaba.

Na tsaya gabansu, suka ce in faɗi abin da nake bincike. Na ce akwai harsunan kwamfuta da ake kira masu lalaci, waɗanda ba sa lissafa komai sai an buƙace shi, amma tara ayyukan da aka jinkirta yana cinye lokaci. Aikina shi ne a duba shirin kwamfuta tun kafin a kunna shi, a bar ainihin lambobi, a yi amfani da alamomi biyu kawai, "ba zai ƙare ba" da "wataƙila ya ƙare", don a gano abin da tabbas za a buƙata, a lissafa shi nan take. Shugabansu ya yi dariya, ya ce ashe gwamnati lalaci take biya. Sun ba ni zuwa ƙarshen Yuni in kawo shaidar cewa an karɓi kundin digirina.

Ga babi na huɗu, wanda na faɗaɗa hanyar zuwa kan jerin abubuwa. Da fensir na yi shi duka. Don Allah ka gwada mini a kwamfutarku. Ba ni da wani sai kai.

Naka,
Markus

*

Sabon Gari, Sakkwato
Maris, 1985

Malam Maccido,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Hannatu. Baban Esther bai san na rubuto ba.

Tun da ya aika maka takardun nan bai ci abinci ya ƙoshi ba. Kullum sai ya taka zuwa gidan waya a wannan zafin, ya dawo hannu wofi. Ranar Lahadi ya yanke jiki ya faɗi a coci, likita ya ce hawan jini ne. Ni malamar firamare ce, ban san komai a lissafinku ba. Roƙona ɗaya ne: ko me kwamfutar ta nuna, ka ce masa ya yi daidai. In akwai gyara, ka gyara a can da kanka. Ba zai ɗauki wani labarin ba.

Allah ya saka maka.
Hannatu Markus

*

Ingila
Afrilu, 1985

Markus ɗan'uwa,

Assalamu alaikum. Ina gaida iyali, a kuma gaishe min da Inna.

Na daɗe riƙe da biro. An roƙe ni in ɓoye maka wani abu, kuma wanda ya roƙa don ƙaunarka ya yi, kada ka tambaya. Amma in na gyara maka a ɓoye, kai za ka zauna gaban masu jarrabawa, ba ni ba.

Akwai ɓaraka a babi na huɗu. Na gwada shi kan shirin da ke ƙirga tsawon jeri. Hanyarka ta ce shirin yana buƙatar duk abin da ke cikin jerin, alhali ƙirgawa kawai shikai, ba ya buɗe ko ɗaya. Sai na saka lissafi marar ƙarshe a tsakiyar jerin. Shirin asali ya ba da amsa nan da nan. Wanda hanyarka ta gyara ya kama wannan lissafin, ya yi ta juyi har mai kula da ɗakin kwamfuta ya kashe shi.

Na nuna ma Farfesa. Ya ce ba zai sa hannu a kansa haka ba. Wallahi na so in rubuto maka wani abu daban.

Naka har kullum,
Maccido

*

Ƙofar Kware, Sakkwato
Yuli, 1985

Maccido,

Gaisuwa. Ka ga adireshin ya canza.

Da wasiƙarka ta zo na kwana biyu a asibiti. Hannatu ta faɗa mini da bakinta cewa ita ce ta roƙe ka ka ɓoye mini, tana kuka, ta ce kai ka so kashe ni. Na ce mata da ka bi maganarta da na daina kiranka aboki. Har yanzu ba ta son jin sunanka, sai ka yi haƙuri da ita.

A gadon asibiti na ga kuskuren. Alamomi biyu ba su isa jeri ba. Dole a raba buƙatar jerin kansa da buƙatar abin da ke cikinsa. Na sake babin daga tushe, amma kafin in gama Yuni ya wuce. Sunana ya fito a cikin waɗanda aka sallama. Mai gidan haya ya ji labari, ya ba mu sanarwar tashi. Inna Iyatu ce ta aiko Arzika ƙaninka da amalanke ya kwashe kayanmu. Ta ce, "Ɗakin Maccido na nan ba kowa, ku shigo." A ɗakinka nake rubutun nan.

Ga sabon babin. Ban san amfanin da zai yi mini yanzu ba. Ka gwada dai.

Markus

*

Ingila
Satumba, 1985

Markus,

Salama. Ya yi aiki. Duk shirin da muka ba shi ya ƙare da amsa daidai, wasu ma da sauri sosai. Hukumar jami'ar nan ta ƙi sake buɗe rajistarka, Farfesa ya yi iya yinsa. Amma zai aika babin ga mujalla, da sunanka kai kaɗai.

Ya tambaye ni wace jami'a za a rubuta a ƙarƙashin sunan. Kai ka faɗa mini.

Maccido