Sunan Da Ba Ka Rubuta Ba

Nyanya, Abuja
15 ga Agusta, 2006

Zuwa ga ƙanena Thaddeus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Fatakwal. Allah ya kiyaye ka a kan hanya da wannan tankar da kake ja, ya tsare ka daga sharrin titi da na mutane. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar maigidana Andrew ta yi sauƙi har ya koma aiki, ko da yake sai ya fita da asuba in yana son ya riga oga isa ofis, don cunkoson motocin Nyanya kullum ƙaruwa yake yi. Ɗana Bernard ya dawo hutu, tukunya ba ta kwana da saura. Ruwa bana ya yi yawa, lambatun ƙofar gida ya cika har sau biyu.

Takardar da ka aiko ta hannun direban bas ta iso ranar Laraba, kuma saboda ita na zauna rubutu. Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Ai na san halinka, da magana ta fara nauyi sai ka ce layi ba kyau, ka kashe. Saboda haka bari in faro daga tushe, don abin da na gaya maka rannan a gurguje rabin labari ne.

Makarantar da 'yarka ta ci jarrabawar shiga tana can bayan Karu. Ta mishan ce tun asali, gwamnatin jiha ta karɓe ta, amma har yau ekkilisiya ce ke kula da tarbiyya da sujadar safe. Na je na gani da idona, ka san ba na sayen abu a cikin buhu. Akwai rijiyar burtsatse, yara ba sa yawon neman ruwa. Akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da kayan aiki na gaske, ba kwalaben ado ba, da ɗakin karatu, da kwamfuta goma sha takwas waɗanda na tsaya sai da aka kunna mini ɗaya. Kowane gado da gidan sauronsa. Ba zan ɓoye maka ba, rufin ɗakin cin abinci yana yoyo, bayan gida kuma bai ishe su ba. Amma bara cikin yara ɗari da goma sha biyu da suka rubuta WAEC, bakwai kaɗai suka rasa kiredit biyar da lissafi da Turanci. Maƙwabcinmu Alhaji Bello, wanda ke aiki a ma'aikatar tarayya, 'ya'yansa mata biyu suna can, kuma ya ce ba a taɓa hana su salla ba. Yara fiye da dubu suka zauna jarrabawa bana, ɗari da ashirin ake ɗauka, 'yarka ta zo ta tara. Ranar da aka kafe sunaye na yi guɗa a bainar jama'a har mai gadi ya zo ganin ko lafiya.

Sai ranar kai takardu murna ta koma ciki. Takardar haihuwa da ta baftisma, waɗanda aka yi a Malumfashi, suna ɗauke da sunan da marigayiya uwarta ta zaɓa mata, Alheri. Takardar gama firamare kuwa Kindness ke rubuce a kai. Ashe hedimastan nan na Nyanya, mutumin kudu, tun ranar da na kai ta ya tambayi wani ma'anar sunan, aka gaya masa, shi ke nan ya juya shi zuwa Turanci don ya yi masa sauƙin kira. Na ukun kuma laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Da nake cike fom ɗin jarrabawa sai na ce makarantar manya ce, bari in sa na Turanci. Na ce ni da na shekara ashirin a zumuntar mata ai na fi hedimasta sanin fassara, tunda alherin da muke faɗa a addu'ar rufe sujada Grace ake ce masa. Na rubuta Grace, har ina jin kaina. Ka ga yarinya ɗaya ta tashi da suna uku.

Shugaban makarantar, Mista Zacharias, mutumin Filato ne, irin masu Hausar nan da ba ruwanta da mace ko namiji, har yarinyar ma “shi” yake ce mata. Ya jera takardun a tebur ya daɗe yana dubawa. Ya ce shekara biyu da suka wuce sun kama iyayen da suka sa wata babba ta rubuta wa 'yarsu jarrabawa, tun daga nan ba sa wasa da bambancin suna. Raina ya ɓaci, na ce a kawo mata wata jarrabawar yanzu. Ya kuwa kawo, ta zauna a gabansa ta yi lissafin nan ba ko kankarewa. Ya ce shi kam ya gamsu, amma a kwamitin ɗaukar ɗalibai akwai wakilin gwamnati, shi kuwa takarda yake bi, ba ganin ido ba. Na ce zan je kotu in yi rantsuwa. Ya ce tunda uba yana da rai, kuma sunansa ke kan takardar haihuwa, dole uban ya rubuto da hannunsa cewa masu sunayen nan uku 'yarsa ce guda, ya kuma faɗi wanda za a sa a rajista, don shi ne zai bi ta har jami'a. Ya riƙe mata gurbin zuwa talatin da ɗaya ga wata. In ya wuce, akwai wadda ke biye a jerin masu jira, kuma na ga uwarta a bakin ofis, ba ta fashin zuwa.

To, takardarka ta zo, na kai ba tare da na buɗe ba. Thaddeus, shafi biyu ka cika. Ka gode wa makaranta, ka gode wa gwamnati, ka yi wa malamai addu'a. Ka ce yarinyar da ke hannun yayarka taka ce. Ka ce 'yar wajenka. Ka ce ita wannan ɗin. Mista Zacharias ya karanta, ya juya bayan takarda, ya sake karantawa, sannan ya tambaye ni ina sunan. Nan take na gane, kunya ta rufe ni. Na yi masa bayani cewa 'yar fari ce, kuma a wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, alkunya ce, ba ƙi ba ne. Ya yi dariya ya ce a garinsu sunan ɗan fari ne ya fi shan kira, don shi ake aika. Daga nan ya daina dariyar, ya ce yana girmama al'ada, amma takardar da ba suna ba ta shaidi kowa ba. Ya miƙo mini ita.

A cikin bas muna dawowa ta ce in ba ta ta gani. Ban so ba, amma na rasa dalilin hanawa. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ta koma sama ta sake bi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da muka kusa sauka ta tambaye ni a hankali ko Babanta ya san wanne ne nata a cikin ukun.

Na ba ta amsar da ta kamata. Na ce ai nauyinta kake ji, na ce ni ma 'yar fari ce, Babanmu har ya koma ga Ubangiji bai taɓa kiran sunana ba, ke ɗin nan kawai yake cewa. Amma tun ranar nake ta juya abin a raina. Ni a gida ɗaya na tashi da Baba. Ina ganin yadda yake ɓoye mini tsokar nama a gefen kwano, da yadda yake tsayawa a bakin hanya in na yi yamma a rafi, ya yi kamar gona yake dubawa. Ban buƙaci ya kira ni ba kafin in sani. Duk da haka, yau zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, na yi ta sa rai ko sau ɗaya zai kira, har aka rufe shi. Ita kuwa tun tana shekara uku take hannuna, ganinka sai Kirsimeti, kwana huɗu ka juya. Ba ta ga abin da na gani ba. In uba yana kusa ana gane kunyarsa, in yana nesa yaro ba ya iya bambanta ta da mantuwa.

Ban ce ka yar da abin da muka gada ba, ni ma ina jin nauyin kiran Bernard da baki, don shi ne ɗana na fari, amma ga shi ina rubuta sunansa. Ba a kuma ce ka tsaya a tsakar gida ka ƙwala mata kira ba. Haruffa shida ne a kan takarda. Na tambaye ta wanne take so a sa a rajista, ta ce na uwarta, ba ta son na hedimasta, ba ta son nawa, kuma ta yi daidai. Ka rubuta, ka sa hannu, ka ba direban da ke tasowa ranar Litinin, Andrew zai jira shi a tasha. Da gangan ban tsara maka in aiko ka sa hannu kawai ba, don na san da haka za ka so.

Ka gaishe mini da ɗan'uwanmu Ɗangoggo, ka ce na ji ya samu aiki a kamfanin mai, Allah ya sa albarka. Ka gai da maiɗakinsa da yara. Andrew da Bernard suna gaishe ka ƙwarai. Ita ma tana gaishe ka, ta kuma ba ni saƙo, ba gare ka ba, ga Mista Zacharias. Ta ce in takardarka ta zo, in roƙe shi ya ɗauki hoton takardar ya ajiye a fayil, ya ba ta ta ainihin. Ta ce ko an ba wata gurbin, ita dai a ba ta takardar.

Allah ya haɗa fuskokinmu cikin salama.

Yayarka mai ƙaunarka,
Rifkatu