Bindigar Baba a Bangon Gidan Abinci

Yaya Zdravko,

Gaisuwa mai yawa. Yaya birnin Plovdiv, yaya maiɗakinka da yara? Ina fata gidan abincinka na ciniki. Inna na gaishe ka, ƙafar tata dai jiya iyau.

Kyarketai sun sauko daga dutse, sun fara ɗebe mana 'yan raguna. Karenmu Murjo shi kaɗai ke tsare garken, ga shi ya tsufa. Na roƙe ka ka maido bindigar Baba mai baki biyu, ka ce baƙinka na son ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. To, madalla.

Na je garin Smolyan, shagon Stamen mai sayar da bindigogi. Ya nuna mini ta Italiya, mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Kuɗinta sai na sayar da rabin garken, to me zan tsare ke nan? Na ɗauki mai araha, ita ma wai tana ɗura kanta. Stamen ya so ya haɗa ni da harsashi mai ƙarfi, na ƙi, na ɗauka wayon 'yan kasuwa ne. Ai akwatin harsasan da Baba ya cika da hannunsa yana nan. Shi kam ba ka ɗauka ba, ba ya ƙawata bango.

Ƙaninka,
Yordan

Yaya Zdravko,

Ina fata kuna lafiya. Mu ba lafiya ba.

Ranar Talata da yamma kyarketai biyu suka faɗa wa garken. Na harba, na kuskure. Na sake jan kunama, shiru. Ashe harsashin Baba ba shi da ƙarfin da zai tura ƙarfenta baya, kwanson ya maƙale. Baba ya cika su ne daidai da tasa, wadda ba ta taɓa ƙin tashi ba, kuma bakinta na biyu kullum a shirye yake. Ina ta fama da wuƙa ina zaƙulo kwanso, sai Murjo ya shige tsakanin kyarketan da garken, suka kashe shi. Araha ba ta ado, na sani, amma haushinka nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Inna ba ta ci komai ba tun da muka binne shi.

Direban bas zai kawo maka ƙunshi. Ba cuku ba ne wannan karon. Abin wuyan Murjo ne, mai ƙusoshin nan da Baba ya ƙera. Ban wanke shi ba. Ka rataye shi kusa da bindigar, baƙinka su ɗauki hoto.

Ƙaninka,
Yordan