Wurin da Auta Ke Tsallakewa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Inna tana gaishe ka, uwar Dogo ma haka. Tunda an hana ku riƙe waya a bakin daga, ga ni na koma biro da takarda kamar ɗan firamare.

Yaya, gidan kallona ya yi albarka. Na samo wani fim ɗin yaƙi, wallahi har ta taga mutane ke leƙe. Jarumin shi kaɗai ya tare gada, ya tarwatsa tankar yaƙi, ya yanka mai gadi, duk sigarin bakinsa ba ta faɗi ba. Ai daɗin fim ɗin yaƙi ke nan, wuta da ƙara da jarumin da harsashinsa ba ya ƙarewa. Aibinsa ɗaya ne, duk bayan gumurzu sai a kai mu tantin asibiti ana ta nishi. Ni kuwa ka san halina, sai in danna rimot in tsallake. Mutane ba kuka suka zo gani ba, ga man janareta yana ƙonewa.

Ɗanka Dogo ba ya fashi, kullum yana benci na gaba. Ya ce da an buɗe ɗaukar sababbin sojoji ƙarshen wata, da shi za a yi. Na ce madalla, gida ya yi soja biyu.

Kai wane fim ɗin yaƙi ka fi so? Faɗa mini in nemo.

Ƙanenka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ka gaishe da Inna da uwar Dogo.

Na karanta takardarka, raina ya ɓaci ƙwarai. Ka san ni ba harbi nake yi ba. Aikina ɗaukar waɗanda suka ji rauni, a kan gadon da muke ce wa makarar masu rai. Wurin da kake tsallakewa, a nan nake zaune.

Makon jiya motar da ke gabanmu ta taka nakiya. Direban ya fito da gudu wuta na ci a bayansa, muka danne shi a ƙasa, fatar kafaɗarsa ta biyo tafin hannuna. Wani kurtu, sa'an Dogo, yana zaune a gefen hanya ya rungume cikinsa kada hanjinsa ya zube, yana ba ni haƙuri wai ya ɓata kaki. Ƙafar sajenmu kuwa a cikin takalminta muka tsinto ta a ƙarƙashin ƙaya. Ba kiɗa, ba jarumi, sai ƙudaje da ƙaurin nama. Ni ke riƙe gefen kai, don haka ni suke kallo, ni suke yi wa magana. Kurtun nan idonsa yana kaina har ya daina ƙiftawa.

Ka tambaye ni fim ɗin da na fi so. Wanda ya tsaya a tantin asibiti bai yi sauri ba, shi ne mai gaskiya. Sauran duk talla ce, kai kuma ka mai da kanka dillali.

Ka zaunar da Dogo, ka saka masa fim ɗin nan daga farko har ƙarshe, kada yatsanka ya taɓa rimot. Ɗa ɗaya gare ni. In yaron nan ya sa kaki, Auta, kada ka ƙara kirana Yaya.

Yayanka

*

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da ban girma. Ka yi haƙuri da rubutun, da ido ɗaya nake yin sa.

Maganarka ta hana ni sukuni. Na ce ba Dogo kaɗai ba, kowa ma sai ya gani. Ranar da ɗaki ya cika maƙil na jefa rimot a aljihu, na harɗe hannu. Da aka zo tantin, ashe ni kaina ban taɓa kallonsa ba. Likita ya ɗauko zarto, an cusa wa wani soja bel a baki, mutum huɗu sun danne shi. Sojan ya fara kurma ihu.

Wani mahauci da ke zama a baya ya ce, "Auta, ja mana gaba."

Na ce, "Yau ba a ja."

Ya ce, "Mu da muka baro yanka, ka kawo mana yanka?"

Bai rufe baki ba kwalba ta same ni a gira. Sai benci ya tashi sama. Aka kaure, wanda ya ga abokin gabarsa ya huce a kansa. An fasa wa wani tela hanci, makaniken layinmu ya tofar da haƙora biyu a kan takalmina, wani ya tattake hannun mai sayar da lemo har na ji ƙashin ya ce ƙaras. Jini ya rufe mini fuska, na zube tsakanin benci ana ta bi ta kaina.

Dogo ne ya janyo ni. Ya yage rigarsa ya danne girar da ƙarfi, yana cewa, "Baffa, kalle ni, kada ka rufe ido." Shi da makanike suka ɗora ni a kan benci suka kai ni asibiti, yana riƙe da gefen kaina.

Washegari Dogo ya karɓi makullin gidan kallon, ya kalli wurin tantin shi kaɗai, ya yi ta maimaitawa. Tun daga nan bai ƙara kwaikwayon jarumin ba, ko zancen bindiga ba ya yi. Yaya, ina ganin maganinka ya ci. Talabijin ta tsira, girata ce dai ta sha ɗinki.

Ka ci gaba da kirana ƙanenka, don Allah.

Auta

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Kada ka ga laifin Baffa, ya yi yadda ka ce.

Tun ina ƙarami in an tambaye ni aikinka, sai in ce soja ne kawai, don ina jin kunyar cewa ba ka harbi. A fim ɗin nan na ga wani mutum a bakin tanti, ko sunansa ba a faɗa ba. Kowa na gudu baya, shi yana komawa da gado. Sai na gane kai ne.

An ɗauke ni, Baba. Da suka tambayi ɓangaren da nake so, na ce na masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni. Jibi za mu tafi horo. Umma ta yi kuka, amma ta sa mini albarka, taka nake jira.

Baffa ya karanta mini inda ka ce kai suke kallo, kai suke yi wa magana. Ni ma gefen kai nake so in riƙe. Me kake ce musu, Baba?

Ɗanka,
Dogo