Sunana a Wuyan Yaya

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ni ce ƙanwar mahaifiyarka. Na san ba za ka yi tsammanin ganin rubutuna ba, tunda an ce maka na mutu. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Da baki ya kamata in faɗa maka, amma an ɗaure mini muƙamuƙi da waya, ko ruwa ta bututu nake sha.

Ka san ni da Yaya da tabarau ɗaya muka taho yawon buɗe idon nan, don ta manta nata a gida. Kamfanin da ya shirya tafiyar ya ba kowa kati mai suna da lamba, a rataya a wuya. Da safen ranar da abin ya faru muna gaggawa, kowacce ta suri wanda hannunta ya kai. Sai da bas ta hau hanyar dutse na sa tabarau, na ga sunana a ƙirjinta. Na ce mu musanya, ta yi dariya, ta ce yau ita ce ƙarama, in bari sai mun sauka.

A gangara birki ya ƙi ci. Na ji ƙaurin roba, direba yana ta ihu da yaren mutanen ƙasar nan. Muka daki ƙarfen bakin hanya, ya farke gefen motar kamar gwangwani. Sau uku muka wuntsila, akwatuna da mutane da gilashi suna zubo mana. Mutumin da ke gabanmu, mai yawan ɗaukar hoto, ta taga ya fita, ban ƙara ganinsa ba. Da muka tsaya kujeru suna sama, jini yana shigar mini ido, haƙorana uku suna yawo a bakina. Wata mata ta yi ta kiran mijinta har muryarta ta ɗauke. Yaya tana gefena, kujera ta danne mata ƙirji. Na kama hannunta, na so in tuna mata kalmar shahada, bakina ya ƙi buɗuwa. Da kanta ta yi, sau biyu, sannan hannun ya saki.

Mutum goma sha ɗaya suka rasu. Fuskokinmu sun kumbura, masu ceto da katin nan suka yi aiki. Kwana shida ban san inda kaina yake ba, na farka ana kirana da sunanta. Ma'aikaciyar jinya tana karanta mini saƙonninka, kana cewa Mama ta yi haƙuri da rashin ƙanwarta, har ka gyara mata ɗaki. Na yi ta girgiza kai, suka ɗauka zafin ciwo ne, suka ƙara mini allura. Wallahi na ji haushin kowa, har ita da wasan nata. Sai jiya aka ba ni biro.

Dogo, mahaifiyarka ce aka binne. Gaisuwar da ka karɓa tawa, tata ce. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ka haƙuri. Ban aika wa 'ya'yana ba tukuna, ba zan yarda a yi murna a gidana kafin kai ka sani ba.

Ka gaishe mini da Kawunku da Auta, ka faɗa musu a hankali. Tabarau yana wurina, ido ɗaya ya fashe, da ɗayan na rubuta maka. In ka zo tarya a filin jirgi, ni kaɗai zan fito. Ka yafe mini.

Taka,
Ƙanwar mahaifiyarka