Taraktar da Ka Shigo Mini da Ita Tsakar Gida

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai muna nan ƙalau a Yasore, ruwa ya sauka, an fara shuka. Jikokinka sun ishe ni da tambayar yadda ka rasu, ni kuma na gaji da ce musu ajali ne. Zan faɗa a gabanka su ji, don kada a ce na yi da kai a bayan idonka.

Ka tuna shekarar da fari ya kashe mana shanun huɗa? Lokacin ne kuɗin fetur suka fara yawo a birni, kowa ya dawo ƙauye da rediyo a kafaɗa. Kai da ka taɓa yin yaron mota a Batsari, sai ka ce an daina yayin fartanya. Ka ji labarin wata 'yar ƙaramar tarakta da wani malamin gona ya yasar a gindin kuka wajen Safana tun kafin mulkin kai. Maƙwabcinmu Jaɓɓi Bafulatani ya ara maka bijimin da ya rage masa, kuka jawo ta. Ka fasa mini danga ka shigo da ita har bakin madafi. Da kaɗan ta fi maraƙi, ɓeraye sun yi gida a cikinta. Ka ce da ita za ka huɗe gonarmu kafin ruwa ya zauna, in ba haka ba babu abin da za mu ci baɗi. Wannan kam gaskiya ka faɗa.

Ka kwance injin gunduwa-gunduwa kamar mahauci, ƙorena duk suka zama ma'ajin notuna. Fistin ya ci tsatsa ya kafe. Ka jiƙa shi da kananzir, ka ɗora masa guntun icen ƙirya, kana maka masa guduma kana zagin uwarsa har ya saki. Ni ce mai wankin ƙarafa, da goyon 'yarmu Hajo a baya, har fatar hannuna ta saɓule. Ringin fistin a Katsina ka samo wurin 'yan gwangwan. Bawul-bawul ɗin, da toka da lallausan yashi ka goge su, gaskit kuwa daga kwalin sukari ka yanka.

Da ka ɗaure injin, ya ƙi tashi. Ka yi ta murza ƙarfen tayarwa, shi kuwa sai farin hayaƙi yake tofar maka. Ka ce iska ce a bututun gas, ka sassauta noti ka fitar da ita. Ka ce nozul ne, mai fesa gas ɗin, ya toshe, ka karɓe allurata ka tsokale shi. Rannan ya yi tari ɗaya, ƙarfen ya dawo baya ya doke ka a haɓa, haƙora biyu suka faɗi ƙasa. Na ce maka abin nan jini yake nema. Ka tofar da jinin, ka yi mini dariya da sabon giɓinka, ka ce ƙarfe ba ya jin lallashi.

Na ɓoye ƙarfen tayarwar a cikin rumbu. Da ka gano, ka sharara mini marin da ban taɓa sha ba a gidanka, kunnena ya yi kwanaki yana kuka.

Akwai wani kwano a gefen injin, inda iska take ratsa mai kafin ta shiga, don ƙura ta tsaya. Baƙin mai ya ƙare maka. Ka shiga ɗakina ka ɗauko man gyaɗan da na matse, ka cika kwanon fal, ka wuce zanen iyakar da aka yi a cikinsa. "Mai ai mai ne," in ji ka.

Da hantsi ne, washegarin ruwan shuka. Ka kunna tsumma ka kara a mashigar iskar, ka murza, taraktar ta tashi. Wallahi sai da na rangaɗa guɗa. Mutane suka cika gidan. Sai ƙarar ta fara hawa, tana hawa. Ka rufe gas, ko a jikinta. Ka fizge bututun gaba ɗaya, ta ƙara ihu. Daga baya wani direban babbar mota ya gaya mana man gyaɗan nan take zuƙa tana ƙonawa, kuma ba mai tsayar da ita sai wanda ya toshe mata numfashi. Kai a take ka gane.

Baƙin hayaƙi ya rufe gidan, ƙasa tana rawa, tukwane suna faɗowa, mutane suna tattake juna a inda ka fasa danga. Ni na sandare a gefenta da yarinya a baya. Ka hankaɗa ni na faɗi bayan turmi. Ka tuɓe riga ka cusa mata, ta yayyage ta ta haɗiye. Sai ka danne bakin mashigar iskar da tafukan hannunka, ka kwanta a kai da ƙirji.

Ta fashe kafin ta shaƙe. Wani ƙarfe ya huda gefen injin ya fito, ya shige ka ƙarƙashin haƙarƙari. Na rarrafo na danne ramin da zanena, tafasasshen mai da jininka suna bin yatsuna tare. Ka tambaya ko yarinyar lafiya. Ba ka kai azahar ba.

Aka binne ka gari yana shuka. Ni na shiga takaba, ba fita, ba gona. Irin geron da muka hana cikinmu muka ajiye, shi aka daka aka yi gumbar sadakarka, don babu wani hatsi a gidan. Aka bar ni a kulle da abin da ya kashe ka, ina shanya a gefensa.

Ƙanenka Sale ya zo ya zagaya taraktar, ya ce in an samu mai walda za ta gyaru. Yana fita na ɗauki taɓarya. Na fasa famfon gas ɗinta, na karya bututan, na lotse kwanon nan har ya zama faifai. Kullum in na idar da sallar asuba sai na ba ta rabonta, ina kiran sunanka da ban taɓa furtawa ba kana raye. Sai da na karya taɓaryata, na karya ta aro. Mata suka ce na zautu. Ba ita kaɗai nake duka ba, Malam, kai ma ka sani.

Ranar da na fita takaba, ruwa ya riga ya ɗauke, mutane suna yankan gero. Na goya Hajo na nufi gonar da ka mutu dominta. Tafasa ce tsaye har ƙugu, daga wannan iyaka zuwa waccan. Na tsaya na kalle ta, sannan na kwance mayafina na fara tsinka. Ita muka ci, ni da 'yarka, har wata daminar.

Na yi shekaru ina jin haushinka, yanzu haushin ya tsufa tare da ni. Hajo ta yi furfura. Ba ta san fuskarka ba, amma taurin kan naka ne, ba ragi. Ina kewarka, na faɗa, duk mai karantawa ya ji. Na yafe maka duniya da lahira.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ajiye ka inda babu abin da yake neman gyara. In tawa ta zo, Ya sa in same ka zaune.

Ni ce matarka,
Indo