Ƙofa Ta Bakwai Da Saƙon Inna

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara guda ke nan cif, sai yau na iya zama in rubuto miki.

Unguwarmu ta Mansur a nan Makka tana nan yadda kika bar ta. Wata 'yar Maraɗi ce ke suyar masa a inda kike zama. In na zo wucewa nakan gaishe ta, ba na jin komai. Haka nake tun bara. Ina ci, ina salla, ina barci, ban yi kuka ba, har mutane suna yabon haƙurina.

Kin tuna da na samu shugul, ɗan aikin nan na mako guda a Riyad, a gasar tanis ta mata? Kika yi ta dariya, wai mata biyu a ɗakin sanyi suna korar lemon tsami a kan daɓe, duniya kuma ta taru tana kallo. Aikina shi ne tsare ƙofa ta bakwai da igiya. In ana wasa ba mai shiga, ba mai fita, ba mai motsi, sai 'yan wasan sun zauna hutun canjin gefe. Ni ma dokar ta hau kaina.

Ranar Alhamis bayan la'asar wayata ta girgiza a aljihu, sau ɗaya. Can ta sake, ta yi ta yi. Na san na baro ki da hawan jini. Amma wasan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wannan ta ci, waccan ta rama, ni kuwa ina riƙe da igiya kamar an dasa ni. Da suka zauna na fita na kira Yaya Usman. Ya ce halas, rai ya yi halinsa, sai haƙuri.

Kin san yadda ake yi a Makka. Kafin in samu jirgi an yi miki salla a Harami, an kai ki maƙabartar Shara'i, inda ba a rubuta suna a kan kabari.

Girgizar farko ba Yaya ba ne. Saƙon murya ne daga gare ki. Shekara guda yana nan ban buɗe ba, don na tabbata cewa kike in taho, ni kuma na zaɓi igiya.

Jiya masu gasar suka aiko suna tambaya ko zan koma bana. Na ce a raina ba zan amsa musu ba sai na ji ki. Yau da hantsi na zauna a kan tabarmarki na danna.

Ga ƙarar talabijin a bayanki, ga numfashinki yana sama-sama. Kika ce, "Na hango ki, 'yar nan, can bayan alƙaliyar nan mai doguwar kujera. Kin tsaya ƙyam kamar askar mai gadin Harami. Ki gyara mayafinki. Kar ki kira ni, kina aikin mutane."

Sau uku na saurara. Har yanzu hawayen bai zo ba, Innata. Sai dai na tsinci hannuna yana gyara mayafin. Na aika musu zan zo, su bar mini ƙofata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mini jinkirina. Ranar da kika isa ƙofar Aljanna, Allah Ya sa kada a tsayar da ke ko na daƙiƙa ɗaya.

'Yarki,
Maimuna