Kalmar da Ba a Manna Ba

Mama,

Ina gaishe ki. Ya sanyi, ya gwiwar Baba? Ni lafiya lau nake a Osaka, kada ki damu.

Da muka koma aiki bayan hutun sabuwar shekara, an ba kowa tawada ya rubuta kalmarsa ta bana, a manna a bango. Na rubuta "Gida". Shugabanmu Kuroda ya leƙo ya ce, "Chizuru, guduwa za ki yi? Sake!" Kowa ya yi dariya, har ni. Na rubuta "Juriya".

Ga ta farkon na aiko. Ranar da za a ƙona rubutun sabuwar shekara kamar yadda aka saba, ki jefa ta wuta. Kada Baba ya gani, shi ya nemo mini aikin. Kin san an ce in tokar rubutu ta yi sama, burin mai shi zai cika. Ki faɗa mini ko tokarta ta tashi sama, ko ita ma ta kasa.

'Yarki,
Chizuru